Yadda Ake Ƙiyasta Iskar CO2 da Majiyyaci Zai Fitar a Bututun Injin Sa Barci

Wannan bayani na sabon ma'aikacin sa barci ne, musamman wanda aka tura babban asibiti irin na Argungu, Yawuri, Zuru, Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, inda sau da yawa shi kaɗai ne a kan majiyyaci. Abin da ake so ka iya shi ne, kafin ka haɗa bututu, ka riga ka san lambar CO2, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa a numfashi, da ya kamata ta fito. In kana da kafnogiraf, wato na'urar da ke auna CO2 a numfashi, tazarar da ke tsakanin lissafinka da abin da ta nuna ita za ta gaya maka akwai matsala tun kafin jiki ya nuna. In ba ka da ita, lissafin nan shi ne idonka.

Ga lafiyayyen mutum, CO2 na jinin jijiya yana tsakanin 35 da 45 mmHg. Wanda ake gani a ƙarshen fitar numfashi yakan gaza na jini da 2 zuwa 5. Wasu na'urori da kPa suke nunawa, sai ka ninka da 7.5 ka sami mmHg. Masu nuna kaso kuma, kashi 5 cikin 100 yana kusa da 36 zuwa 38.

Kayan aiki

Sikeli da tef na awon tsawo, ma'aunin zafin jiki, agogo mai sakan, kalkuletar waya, da takardar rubuta bayanan sa barci. Sai kafnogiraf da siririn bututunsa da tarkon ruwansa, in akwai. Sai ma'aunin iskar numfashi, ko na jikin injin ko na hannu irin na Wright. Ka tanadi soda layim, wato ƙwayoyin da ke shanye CO2, sabo a rufe, filta ta manya da ta yara, da jakar Ambu ta ba da numfashi da hannu a kusa da hannunka ko da injin yana aiki lafiya.

1. Ka san irin bututun da ke gabanka

Nan ake fara yin kuskure, domin abin da ke juya CO2 ya bambanta daga wannan tsari zuwa wancan.

Tsarin zagaye shi ne mai bututu biyu da bawul biyu da gwangwanin soda layim. A cikinsa soda layim ke shanye CO2, don haka yawan numfashin da ka ba majiyyaci shi ke yanke lambar. Ƙara sabuwar iskar da injin ke bayarwa ko rage ta ba ya canja komai muddin soda da bawul lafiya suke.

Tsarin Mapleson, wanda aka rarraba a 1954, ba shi da soda. Sabuwar iskar da ke kwararowa daga injin ita ke kore CO2 waje. Cikinsu akwai Magill, da Bain mai siririn bututu a cikin babba wanda ya fito a 1972, da Jackson-Rees na yara mai jaka mai buɗaɗɗen wutsiya.

Na uku shi ne tsarin da majiyyaci ke jawo iskar ɗaki ta cikin tukunyar magani, irin EMO da OMV. Bawul ɗinsa na bakin majiyyaci yana fitar da numfashi waje gaba ɗaya, don haka lissafinsa ɗaya ne da na zagaye, sai fa in bawul ɗin ya maƙale.

2. Ƙiyasta CO2 da jiki ke samarwa

Babban mutum mai kilo 70 yana samar da kusan ml 200 a minti yana hutawa. Yaro yana samar da fiye da haka in aka auna da kilo, shi ya sa ba a ninka nauyi kai tsaye. A kalkuleta, danna √ a kan nauyin, ka sake danna √ a kan amsar, ka ninka amsoshin biyu, sannan ka ninka da 8. Ga kilo 60: 7.75 sau 2.78 ya ba da 21.6, sau 8 ya zama 172. Ga waɗanda aka fi buƙata, ka rubuta su a kwali ka manna a jikin injin:

kilo 10: ml 45
kilo 20: ml 76
kilo 30: ml 103
kilo 40: ml 127
kilo 50: ml 150
kilo 60: ml 172
kilo 70: ml 194
kilo 80: ml 214

Daga nan sai gyara. Wanda aka sa barci aka kuma sassauta masa tsoka, cire kusan kashi 15 cikin 100. Zazzaɓi yana ƙara kusan kashi 10 a kan kowane digiri sama da 37, sanyin jiki kuma yana rage kusan kashi 7 a kowane digiri. Kada ka raina wannan gyara a ƙasarmu. A watan Afrilu, ɗakin tiyatar da babu na'urar sanyaya ɗaki, yaro a lulluɓe da zannuwan tiyata, zafinsa yana iya hawa a kan tebur ko da bai zo da zazzaɓi ba. A hunturu kuma, wanda aka buɗe wa ciki aka ɗura masa ruwa mai sanyi lita biyu ko uku, sauka zafinsa zai yi, CO2 ɗinsa ya bi shi.

In babu sikeli, ko majiyyaci ba ya iya tsayawa, auna tsawonsa a kwance. In babba ne, cire 100 daga santimita ga namiji, 105 ga mace, ka sami nauyinsa a kilo. Wannan nauyin ne ma ya kamata ka yi amfani da shi wajen awon numfashi ga mai ƙiba, domin huhu ba ya girma da teɓa.

3. Ƙiyasta iskar da ke kaiwa cikin huhu

Ba duk iskar da ka tura ke kaiwa inda jini yake ba. Wani kaso yana tsayawa a tiyub, wato robar da ake zura wa a hanyar numfashi, da maƙogwaro da rassan huhu, ya dawo yadda ya shiga. Wannan ita ce iskar hanya. Ga wanda aka sa wa tiyub, ɗauki kashi 30 cikin 100 na kowane numfashi a matsayin iskar hanya. Da abin rufe fuska takan kai kashi 40 ko fiye.

Bayan haka ka cire duk abin da ka ƙara tsakanin tiyub da mahaɗar bututun: filta, da lanƙwasasshen bututun nan da ake sawa don sauƙin juyawa. Yawan ml ɗinsu a rubuce yake a jikin leda, ka karanta kafin ka yar. Filtar manya takan ɗauki ml 30 zuwa 90. Tsawon bututun zagaye kuwa ba ya cikin lissafi, ko mita nawa ne, domin bawul ya raba shiga da fita.

Abin da ya rage, ninka shi da yawan numfashi a minti, ka mayar lita.

4. Lissafin kansa

CO2 na jini = 0.863 × CO2 da jiki ke samarwa (ml a minti) ÷ iskar da ke kaiwa huhu (lita a minti)

In majiyyaci yana sake shaƙar wani CO2, sai ka tara abin da yake shaƙa a kan amsar.

Misali, namiji mai kilo 60 da za a buɗe wa ciki, babu zazzaɓi. CO2 ɗinsa 172, a cire kashi 15, saura kusan 145. Ka ba shi ml 420 sau 12. Kashi 70 na 420 shi ne 294, sau 12 ya zama lita 3.5. Lissafi: 0.863 × 145 ÷ 3.5, ya ba da 36. A kafnogiraf ka sa ran 31 zuwa 34. Yanzu sa filta mai ml 50: saura 244, sau 12 lita 2.9, amsa ta koma 43. Har yanzu babu laifi.

Ga inda abin yake da haɗari. Yaro mai kilo 20 da taifot ta huda wa hanji, zafinsa 39. CO2 ɗinsa 76, a cire kashi 15 ya zama 65, a ƙara kashi 20 na zazzaɓi ya koma 78. Ka ba shi ml 150 sau 18. Kashi 70 shi ne 105, sau 18 lita 1.9, amsa kusan 36. Da filtar yara mai ml 15, amsar 42. Amma in filtar yara ta ƙare aka ɗauko ta manya mai ml 50, saura ml 55 kacal a kowane numfashi, wato lita ɗaya a minti, amsar ta haura 65. Injin bai yi ƙara ba, ƙirjin yaron yana ɗagawa, oksijin ɗinsa 100, ga shi jininsa yana ta yin tsami a kan ciwon da ya riga ya gajiyar da shi. In babu filtar yara, mayar da ta manyan can gindin bututun fita a jikin injin, ka cire lanƙwasasshen bututun, sannan a wanke ko a canja bututun bayan aiki.

5. In tsarin zagaye ne

Amsar mataki na 4 ita ce amsarka, kuma CO2 na shiga dole ya zama sifili. Layin kafnogiraf ya sauko ƙasa ya taɓa tushe a kowane shaƙa. In kana son gyara lamba, ninka yawan numfashin yanzu da lambar da kake gani, ka raba da wadda kake so. Numfashi 12, lamba 48, kana son 38: 12 × 48 ÷ 38, wato 15. Gyara da yawan numfashi ya fi gyara da girmansa, domin lissafin ya fi fita daidai kuma ba ka matsa wa huhu. Ka bar girman a ml 6 zuwa 8 kan kowane kilo.

In layin ya ƙi taɓa tushe, CO2 na shiga ya kai 3 zuwa 5 ko ya wuce, abu biyu ake zargi. Buɗe sabuwar iska ta wuce yawan iskar da yake shaƙa a minti, misali lita 8 ga babba, ka jira minti biyu. In lambar ta faɗi, soda ya ƙare ko iska ta haƙa hanya a gefen gwangwani tana wucewa ba ta ratsa shi. In ba ta faɗi ba, leƙa bawul biyun ta murfinsu mai haske. Za ka ga faifan ɗaya ya manne a sama saboda raɓa, ko ya karkace, ko ma an wanke ba a mayar da shi ba.

Soda layim yana buƙatar sa ido. Gram 100 yana iya shanye lita 20 da wani abu a takarda, amma a aiki ka ɗauka lita 10 zuwa 15. Babba yana fitar da kusan lita 9 a awa, don haka kilo ɗaya yana kai awa goma sha wani abu in ana aiki da ƙaramar iska. Wanda aka fi samu fari ne, ya koma shuɗi mai ja-ja in ya ƙare. Akwai kuma mai ruwan hoda da ke komawa fari, ka karanta jikin jarka. Wanda ya koma shuɗi, launinsa yakan sake komawa fari in ya kwana, ya yaudari mai zuwa da safe, sai an fara aiki ya dawo cikin mintoci. Saboda haka da yamma ake duba launi, a ƙarshen aikin ranar, kuma a rubuta ranar canji a filasta a manna. Sodan da ke aiki yana ɗumi in ka taɓa gwangwanin. Kada a bar oksijin a buɗe a kwana, domin yana busar da soda, busasshen soda kuma yana iya haɗuwa da wasu magungunan shaƙa ya fitar da iska mai guba.

In soda ya ƙare babu wani, ba a fasa aikin gaggawa. Ka riƙe sabuwar iska a sama da iskar da yake shaƙa a minti, ka tabbata kana da oksijin da zai kai ka.

6. In Bain ne ko Magill ko Jackson-Rees

Da Bain, in kai kake ba da numfashin, sabuwar iska ita ke riƙe da lambar. Ml 70 kan kowane kilo a minti yana ba da CO2 kusa da 40, ml 100 kuma yana saukar da shi wajen 34 ko 35. Sharaɗin shi ne iskar da kake turawa a minti ta ninka sabuwar iskar sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ga mai kilo 60: sabuwar iska lita 4.2, numfashi ml 480 sau 16. In kana son lissafi ga mai zazzaɓi, a madadin iskar huhu sa kashi uku cikin huɗu na sabuwar iskar: 0.863 × 145 ÷ 3.15, kusan 40. Da zazzaɓin digiri biyu, 145 ya koma 174, amsa ta zama 48, sai ka ƙara sabuwar iska zuwa lita 5.

Abu biyu ke ruɗa sabon hannu a nan. Na farko, ya ga CO2 ya hau sai ya dinga matsa jaka da sauri, lambar ta ƙi sauka, domin abin da yake turawa ciki tsohon numfashi ne. Maganin yana wurin makunnin iska. Na biyu, ya ga layi bai taɓa tushe ba ya firgita, alhali a wannan tsari an san da hakan, lambar ƙarshen numfashi ake kallo.

In majiyyaci da kansa yake numfashi, Bain mai ɓarnar iska ne: ml 150 zuwa 250 kan kowane kilo, wato lita 9 zuwa 15 ga mai kilo 60. Ƙaramar tukunyar oksijin ta jikin injin, mai lita 680, ba za ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba a lita 10, na'urar tace oksijin mai lita 5 kuwa ba ta isa ko kusa. Nan Magill ya fi, ml 70 zuwa 100 kan kowane kilo ya wadatar. Amma da zarar ka fara matsa jakar Magill na tsawon lokaci, sai ya juye ya zama mafi muni, yana neman ninki biyu zuwa uku na iskar minti.

Kafin kowane aiki da Bain, gwada bututun ciki. Buɗe oksijin lita 2, toshe bakin siririn bututun da sandar ƙaramin sirinji. Ƙwallon ma'aunin iska zai nutse, in ka saki ya yi tsalle. In bai motsa ba, bututun ya cire daga gindi ko ya tsage, babban bututun gaba ɗaya ya zama iskar hanya, kuma babu yawan iskar da zai gyara wannan. Canja shi.

Jackson-Rees na yaran da ba su wuce kilo 20 zuwa 25 ba ne. Yaro mai numfashi da kansa yana buƙatar ninki biyu da rabi zuwa uku na iskar mintinsa, kuma kada a sauka ƙasa da lita 3. Ka sani a ƙananan yara sabuwar iska tana gauraya da abin da na'ura ke zuƙa, sai ta nuna lamba ƙasa da gaskiya, layin ma ba ya yin shimfiɗaɗɗen kai. Matso da wurin zuƙar kusa da tiyub iyakar iyawa.

7. Zaɓi lambar da ta dace da wannan majiyyacin

Yawancin mutane 35 zuwa 40 a kafnogiraf. Mai ciki da ta kai wata tara CO2 ɗinta na jini 30 zuwa 32 ne a al'ada, don haka a tiyatar haihuwa ka nemi wajen 30 zuwa 32, kada kuma ka zarce ƙasa, domin hakan yana rage jinin da ke zuwa mahaifa. Mai rauni a kai, riƙe na jininsa 35 zuwa 40, hawansa yana ƙara matsi a ƙwaƙwalwa. Mai sikila, kada a bar shi ya hau. Wanda ya zo yana haki saboda tsamin jini, irin mai ruɓewar ciki, jikinsa da gangan ya saukar da CO2, in ka mayar da shi 40 ka ƙwace masa abin da yake kare kansa da shi. Ba shi numfashi da ɗan yawa.

8. Gwada lissafi da abin da na'ura ta nuna

Bayan sa tiyub, ka ga layi yana hawa yana sauka har numfashi bakwai a jere ba ya raguwa. In babu layi, ɗauka tiyub yana hanyar abinci har sai an tabbatar da akasin haka. Lambar farko takan yi sama, domin wanda bai yi numfashi ba CO2 ɗinsa yana hawa 6 ko fiye a minti na farko, sannan 3 zuwa 4 a kowane minti. Ba shi minti goma kafin ka kwatanta.

Tazarar 5 ko ƙasa da haka ba komai ba ce. In na'ura ta nuna ƙasa da lissafi sosai, kada ka yi saurin rage numfashi. Duba hawan jini da bugun zuciya tukuna. Ga mai zubar jini, mai raunin harbi ko haɗarin mota ko matar da mahaifarta ta fashe, jinin da ke kai CO2 huhu ne ya ragu. Lambar tana iya nuna 22 alhali na jininsa 45 ne. Jini da ruwa yake nema. Faɗuwa farat ɗaya kuwa, ko bututu ya cire, ko tiyub ya fita, ko wani abu ya toshe jijiyar huhu, ko zuciya ta tsaya: hannu a jijiyar wuya, ido a bututu. Sai ka kawar da waɗannan kafin ka zargi ruwa a siririn bututun na'ura ko tsagewarsa.

In ta nuna sama da lissafi, fara da CO2 na shiga. In ya fi sifili a tsarin zagaye, koma mataki na 5. In sifili ne, auna iskar da ke fitowa, wataƙila tana zurarewa ta gefen balan-balan ɗin tiyub. Sai zafin jiki. Sakin ɗaurin da aka yi wa ƙafa ko hannu, da allurar bayikabonet, suna ɗaga lamba na 'yan mintoci ta koma. Amma lambar da ke ta hawa kana ƙara numfashi tana ƙi, ga bugun zuciya da sauri, ga tsoka ta sandare, bayan maganin shaƙa irin halotan ko aisofuluren, ko allurar sassauta tsoka ta sukzametoniyam, wannan mugun zazzaɓin sa barci ne. Kashe maganin shaƙa nan take, buɗe oksijin sosai, ninka numfashi, nemi taimako, sanyaya jiki, a ba da dantirolin mg 2.5 kan kowane kilo in akwai.

9. In babu kafnogiraf

Yi lissafin a rubuce, ka riƙe numfashin da ya ba ka, da agogo a gabanka. Hannu yakan yi sauri ba ka sani ba, don haka ƙirga: numfashi 12 a minti matsa ɗaya ce kowane sakan biyar. Jakar Ambu ta manya tana ɗaukar kusan lita ɗaya da rabi, matsar hannu ɗaya ta ishi babba. Na'urar oksijin ta yatsa ba ta san komai game da CO2 ba, tana iya nuna 100 ga wanda nasa ya kai 80. Alamun hawansa su ne gumi, fata da ɗumi, jijiya tana bugawa da ƙarfi, hawan jini, wurin yanka yana ta tsatsar jini, da bugun zuciya mai tsallake, musamman da halotan. Suna kama da na wanda barcinsa bai yi nauyi ba, don haka kafin ka ƙara magani, duba bututu, soda da yawan iska.

10. Shirin farkawa

CO2 yana saurin sauka, yana jinkirin hawa. In ka ƙara numfashi, rabin canjin yana zuwa cikin kamar minti uku. In ka rage, rabin canjin sai ya ɗauki kusan kwata na awa, saboda jiki yana da wurin ajiyarsa da yawa. Wanda aka riƙe a 28 tsawon awa biyu ba zai yi numfashi da kansa da an gama ɗinki ba, ko da maganin sassauta tsoka ya sake shi. Da likita ya fara rufe ciki, rage yawan numfashi zuwa 8 ga babba, ka bar girmansa yadda yake, lambar ta hau a hankali zuwa 45 ko 50, inda mai sauran magani a jiki yakan fara jan numfashi. A Bain, sabuwar iska za ka rage zuwa ml 70 kan kowane kilo, sannan ka mayar da ita sama da zarar ya fara numfashi da kansa. Mai rauni a kai ba a yi masa wannan, a bar nasa kada ya wuce 40 har a cire tiyub.